Yadda Ake Sauya Saitin Apache Ba Tare da Katse Maziyarta Ba

Da farko, kwafi fayil ɗin saitin Apache (manhajar sabar da ke miƙa shafukan intanet ga maziyarta), wato httpd.conf, ko apache2.conf idan tsarin Linux na Debian kake amfani da shi, ka ajiye gefe guda. Sannan yi gyaranka.

Mataki na uku ne bai kamata a tsallake ba: rubuta umarnin apachectl configtest, wanda zai karanta saitin baki ɗaya, ya nuna "Syntax OK" idan komai daidai ne, ko kuma ya faɗi lambar layin da kuskuren yake. Harafi ɗaya da ya ɓace ya isa ya hana sabar tashi.

Daga nan sai ka ba da umarnin apachectl graceful, domin sabar ta kammala buƙatun da ke hannunta yayin ɗaukar sabon saitin, sannan ka leƙa error_log, fayil ɗin da Apache ke rubuta kurakurai a ciki.