Zanen fuska da fentin mai a ƙasar da ba taki ba: yadda ake kama aikin

A watan Oktoba na 1789, Élisabeth Vigée Le Brun, Bafaranshiya mai zanen fuska, ta fice daga Paris da ƙaramar 'yarta saboda juyin juya halin Faransa. Shekara 12 ta yi a waje, daga Italiya zuwa Ostiriya zuwa Rasha, kuma burushi ne ya ciyar da ita. Hanyar da ta bi tana nan da amfaninta har yau.

Baƙuwa ba ta da shaida sai aikinta. Hoton kanta da ta zana a 1790 domin gidan zane na Uffizi a Florence ya zame mata talla. Ke ma ki fara da naki. Kafin ki karɓi kuɗin kowa, ki tabbata takardar zamanki ta ba ki izinin aiki. A rubuta girman hoton, yawan zama da farashi, a ba ki rabi kafin alƙalami.

Ɗaki ya zama mai taga ɗaya buɗe, sauran a rufe. A Turai da duk ƙasashen da ke arewacin duniya, taga mai kallon arewa ta fi, domin haskenta ba ya yawo da tafiyar rana. Mai zama, wato wadda kike zanawa, ta ɗan fi ki tudu, tazarar kamar mita biyu. Ki yi wa ƙafafun kujera alama da alli. Ki kafa madubi a bayanki: karkatar baki ko idon da ya fi ɗan'uwansa hawa, wanda idonki ya saba da shi, nan take madubi zai tona.

Zama uku ko huɗu na awa biyu-biyu sun isa kai da kafaɗu, da hutu bayan kowane minti 25. Ki riƙa jan ta da hira. Fuskar da aka bari shiru sai ta saki, hoton ya fito kamar na mai jiran likita.

A zaman farko babu launi. Ki shafe kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai, da fenti mai launin ruwan ƙasa da aka tsarma, ki fitar da siffa da gawayi. Idanu a tsakiyar tsawon kai suke, masu koyo kan kai su sama sosai. Tsakanin ido da ido kuwa faɗin ido ɗaya ne, kusan kullum. Zama na biyu a raba haske da inuwa. Gashin ido da ƙyallin ƙwayar ido su ne na ƙarshe.

Launi biyar sun wadatar: fari, rawayan ƙasa, ja, ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi. Fatar mutanen sabon wurin na iya bambanta da wadda hannunki ya saba. Kada ki duhunta fata da baƙin fenti, toka-toka zai mayar da ita. Ki haɗa ruwan ƙasa da shuɗi, ki ɗan ɗumama da ja. Farin da ya yi yawa shi ma yana sa fuska ta yi kamar an barbaɗa mata gari.

Babbar doka ita ce mai ya riƙa ƙaruwa daga ƙasa zuwa sama. Shafin farko a tsarma shi da turfentin (ruwan tsarma fenti), na gaba a ƙara man linsid (man da ake haɗa fentin da shi) kaɗan-kaɗan. In aka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, sai hoton ya tsattsage. Sanyi da laima suna jinkirta bushewa, saboda haka kwana uku zuwa bakwai tsakanin zama ba ɓata lokaci ba ne.

Batun tufafi, ki tambaya tun kafin ki ɗauki burushi. A Saint Petersburg Vigée Le Brun ta zana jikoki biyu na Sarauniya Katarina ta Rasha da damatsa a buɗe, aka kawo mata labarin cewa sarauniya ba ta ji daɗi ba, sai da ta koma ta ƙara wa rigunan hannu. Gyara irin wannan a kan busasshen fenti yakan nuna kansa bayan shekaru.

Banish, wato shafin ƙarshe mai ƙyalli da ke kare hoton, sai bayan wata shida aƙalla. In za a aika hoton wata ƙasa, a naɗe shi a kan bututu mai faɗi, fenti yana kallon waje, domin naɗi ta ciki yana matse fentin ya fashe. Turfentin kuwa ba ya shiga jirgin sama, sai dai ki saya idan kin sauka.