Yadda za ka matse abokin wasa a ƙarshen wasan ces (chess) da kowa ya ce kunnen doki ne

Matsayin da nake magana a kai shi ne: kowa da sarki da hasumiya (rook) ɗaya, kai kana da sojoji (pawns) huɗu, shi yana da uku, duka a gefen sarki. A littafi canjaras ne. Amma a kan allo, mutum ne zaune a gabanka, kuma mutum yana gajiya. Capablanca, tsohon zakaran duniya, ya ci ɗan wasan Ingila Yates a irin wannan matsayi a gasar Hastings ta Ingila a 1930.

Da farko, kada ka nemi kunnen doki, kada kuma ka karɓa idan an miƙo maka hannu.

Na biyu, kuma nan ne na sha faɗuwa: kada ka yi musayar sojoji. Sabon ɗan wasa da ya ga ya fi da soja ɗaya sai jikinsa ya hau rawa, ya tura su gaba, a ci nasa ya ci na wani. Ni ma haka na yi wata rana, na tura sojan layin f (layukan allo na tsaye ana kiransu a zuwa h, na kwance 1 zuwa 8), na tura na g, kafin in ankara abin da ya rage mini soja ɗaya ne a layin h, sarkin abokina ya shige lungu ya zauna abinsa. Babu yadda za a fitar da shi. Kowace musaya tana rage maka hanyoyin ci, shi kuwa abin da yake addu'a ke nan. Sojan gefe, na a ko na h, shi ne mafi rashin amfani idan shi kaɗai ya saura.

Idan farare ne naka, mai kare kansa yana son ya jera sojojinsa a f7 da g6 da h5, domin duk lokacin da ka matso dole a yi musaya. To ka riga shi. Tura sojan g zuwa g4 da wuri kafin ya samu h5. A wurina wannan doka ce.

Daga nan sai haƙuri. Kai sarki gaba, ka sa hasumiya ta tsare sarkinsa a layin baya, ka yi ta zagaye. Maimaita matsayi sau biyu ba laifi, yana cin lokacinsa, amma na uku canjaras ne. Ka kuma riƙa ƙirga, don idan aka yi tafiya 50 kowane ɓangare ba a motsa soja ba, ba a ci komai ba, zai iya neman a tashi canjaras. Carlsen, zakaran duniya na lokacin, sai da ya yi tafiya 136 a wasa ɗaya kafin ya kayar da Nepomniachtchi, mai ƙalubalantarsa, a Dubai a 2021.

Ba sai ka sayi littafi mai tsada ba. Lichess, shafin buga ces a intanet, kyauta ne, ka jera matsayin ka buga da kwamfuta sau goma. Ka haddace matsayin Lucena (yadda mai hasumiya da soja ɗaya yake cin mai hasumiya kaɗai) da na Philidor (yadda mai kare kansa yake samun canjaras), don a can yawancin waɗannan wasanni suke ƙarewa.