Yadda za ka rubuta ra'ayinka a kan littafi ba tare da ka sake ba malami labarin ba

Shekara uku na yi ina taya wani malami duba jingar 'yan aji ɗaya a kwas ɗin adabi, kuma wallahi in ka karanta takarda goma kamar guda ɗaya ka karanta. An ce wa ɗalibi ya karanta gajeren labari ya rubuta shafi biyu a kan yadda labarin ya taɓa shi. Sai ya cika shafi ɗaya da rabi da "daga nan sai wane ya tafi wajen wance, daga nan sai ta ce masa kaza", a layi ukun ƙarshe kuma ya ce labarin ya yi ma'ana, ya koya mana haƙuri, marubucin ya yi ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Shi ke nan. Malamin nan fa ya karanta labarin ya fi sau ashirin, shi ma ya zaɓo shi, me zai yi da taƙaitawarka?

Ni ma haka na fara, shi ya sa nake da bakin magana. Takardata ta farko ta dawo da maki huɗu cikin goma, a ƙasa an rubuta da jan biro: "Labarin na gani. Kai kana ina?" Kwana biyu na yi ina jin haushin mutumin kafin na gane abin da yake nufi.

Ba zan tsaya ina ce maka ka nemi littafin ba, ko ka koyi sa aya da waƙafi, wannan kai da malaminka na sakandare. Mu je ga aikin.

Da farko, karatu biyu za ka yi, kuma na farkon ba na jarabawa ba ne. Wata malama 'yar Amurka, Louise Rosenblatt, wadda tun a 1938 ta yi rubutu a kan yadda ɗalibai ke karanta adabi, ta raba karatu gida biyu. Akwai wanda kake yi don ka ɗebi bayani ka tafi, irin yadda ake karanta takardar cikin kwalin magani, akwai kuma wanda hankalinka ke kan abin da ke faruwa da kai a lokacin da kake karantawar. Matsalar ɗalibi ita ce ya saba da na farkon tun yana ƙarami, to da an ba shi labari sai ya shiga farautar jigo da sunayen taurari kamar mai neman allura. A karatun farko ka manta da jigo, ka manta da salo. Riƙe fensir kawai, duk inda ka ji ka tsaya, ko ka yi dariya, ko ranka ya ɓaci, ko ka koma baya ka sake karanta layi, ɗiga ɗan ɗigo a gefe ka wuce. Har inda ka ji gundura ta kama ka ka sa ɗigo, gundura ma amsa ce. Fensir na ce, ban ce alƙalamin nan mai launi da ake shafa wa layi ba, wannan ɓarnar kuɗi ce, kuma duk wanda na gani da shi sai ya shafe rabin shafi ya dawo bai san me ya sa ya shafa ba. In littafin na laburare ne ka yayyaga takarda ka dinga cusawa, in fotokofi ne ka ce a bar maka fili a gefe. Masu karantawa a waya kuma, ni dai ba na so, amma in ya zama dole ka rubuta lambar shafi a wata takarda daban.

Kana rufe littafin, kafin ka yi magana da kowa, kafin ka taɓa intanet, ɗauki takarda ka sa minti goma a agogo ka yi ta rubutu ba tsayawa. Ba gyara, ba gogewa, ko shirme ne rubuta. Dalilin da ya sa nake cewa kafin ka ji ta bakin kowa shi ne, ra'ayin mutum a wannan lokacin kamar ɗanyen ƙwai yake, abokinka na cewa "ai labarin a kan butulci ne" shi ke nan naka ya fashe, ba za ka ƙara ganin komai ba sai butulci. A shekarun 1920 wani malami a jami'ar Cambridge ta Ingila, I. A. Richards, ya dinga raba wa ɗalibansa waƙoƙi ya cire sunan mawaƙan, ya ce su rubuta abin da suka gani. Da ya buga sakamakon a 1929, sai ga shi ɗalibai masu ƙoƙari sun kushe waƙoƙin manyan mawaƙa sun yabi na ƙanana, kuma da yawansu amsar da suka taho da ita daga gida suka juye, ba abin da ke kan takardar ba. Har yau cutar tana nan. Da an ga uwa a labari sai a hau "uwa ba ta da madadi", ko da uwar cikin labarin muguwa ce.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma nan zan daɗe, don nan na faɗi, nan kuma na ga kusan kowa yana faɗuwa.

Kana da ɗigo-ɗigo a littafi, kana da shirmen minti goma. Ɗauki littafin rubutu ka raba shafi gida biyu da layi daga sama zuwa ƙasa. Koma karatu na biyu, amma wuraren ɗigon kawai za ka fi tsayawa. A hagu ka kwafo ainihin kalmomin marubucin, harafi da harafi, tare da lambar shafi. Ba "wajen da uban ya shiga ɗaki" ba, a'a, jimlar kanta. A dama ka rubuta me ta yi maka. Sannan ka tambayi kanka "me ya sa?" ka amsa, ka sake tambayar amsar "me ya sa?", har sau uku. Yawancin ɗalibai a tambayar farko suke sauka, alhali abin da ke kawo maki yana can a ta uku.

Bari in nuna maka da misali. A ce labarin wani dattijo ne da ɗansa ya yi tafiya shekaru ba amo ba labari, shi kuma duk sanda agogon bangon ɗakin yaron ya tsaya sai ya sa masa sabon batir. A shafin ƙarshe marubucin ya ce: "Ya ciro batirin, ya juya shi a tafin hannunsa, ya sa a aljihu." Labari ya ƙare.

Ɗalibi na farko zai rubuta: a ƙarshe uban ya cire batir daga agogo. Wannan ba ra'ayi ba ne, rahoto ne.

Na biyu zai rubuta: ƙarshen labarin ya ba ni tausayi matuƙa, har na kusa hawaye. Ya ɗan matsa, amma wannan jimlar za ka iya ɗauke ta ka manna a kan labari ɗari ta zauna daidai, kuma duk jimlar da za ta zauna a kowane labari ba ta da amfani a wannan.

Na uku shi ne ya yi tambayoyin. Me ya sa na ji tausayi? Don uban ya fid da rai. To me ya sa na san ya fid da rai, bayan marubucin bai faɗa ba? Don sau huɗu a baya an nuna shi yana sa batir, wannan ne karon farko da ya cire. To me ya sa "ya sa a aljihu" ta fi tsaya min a rai fiye da cirewar? A nan sai ya yi shiru, ya ciji fensir, sannan ya gane cewa wanda ya haƙura gaba ɗaya jefar da batirin zai yi, wanda ya sa a aljihu kuwa bai gama yanke shawara ba. Sai ya rubuta: na ɗauka labarin ya ƙare da fid da rai, amma kalmar aljihu ta hana ni yarda, don mutum ba ya adana abin da ya gama da shi. Ka ga yanzu akwai shi a ciki, akwai labarin a ciki, kuma malami zai iya yarda ko ya yi gardama. Abin da ake nema ke nan, maganar da za a iya yin gardama da ita.

Wannan aikin yana cin lokaci, ba zan ɓoye maka ba. Ɗigo goma ka yi, wataƙila bakwai su mutu a tambaya ta biyu, ka ga ba komai a ƙarƙashinsu. Bar su. Uku sun ishe ka, ni a ganina ma biyu sun fi uku in shafi biyu aka ce.

Akwai kuma ramin da ke ɗaya gefen, wanda ke cin waɗanda suka fara ganewa. Da sun ji an ce "saka kanka a ciki" sai su saki littafin su kama tarihin rayuwarsu. Na taɓa duba wata takarda, yarinyar ta iya rubutu sosai, ta fara da layi ɗaya daga labarin, daga nan ta shiga ba da labarin kakarta da ta rasu, shafi biyu cur, har ni sai da jikina ya yi sanyi, amma ko sau ɗaya ba ta koma kan labarin da aka ba ta ba. Maki biyar malamin ya ba ta, ta zo ofis idonta ya yi ja. Abin da ya ce mata shi nake maimaita wa kowa har yau, cewa kakarki tana da wuri a takardar, amma aikinta ta taimaka miki ki ga wani abu a labarin da wanda bai yi rashin ba ba zai gani ba. Dokata a nan ba sassauci: duk sakin layin da ya fara da kai, dole ya ƙare a kan shafin littafin. In ka yi jimla uku a kan kanka ba ka waiwayi kalmar marubucin ba, ka yi nisa, dawo.

Wani abu kuma, an yarda ka ce labarin bai yi maka ba. Ɗalibai suna tsoron wannan, gani suke tunda malami ne ya zaɓa dole a yaba. Takardun da suka fi burge ni rabinsu na waɗanda suka ƙi labarin ne, amma suka nuna layin da ya ɓata musu rai da dalili. "Bai yi daɗi ba" kawai kuwa, wannan da "ya yi daɗi" duk kanwar ja ce.

Bayan wannan sauran mai sauƙi ne. Duba gefen dama na shafinka, fitar da jimla ɗaya da za ta ɗauke abin da kake son cewa, sa ta a sakin layin farko. Taƙaita labarin a layi uku, kar ya wuce. Kowane sakin layi bayan nan ya ɗauki wuri ɗaya daga littafin: kalmar marubucin, abin da ta yi maka, dalilin. Kalmomin da aka koya muku a lakca, su jigo, salo, zubi da tsari, kamantawa, siffantawa, sai a wannan lokacin suke shigowa, kuma sai in kana da abin da za ka rataya su a kai. Wanda ya rubuta "marubucin ya yi amfani da salo mai armashi" bai ce komai ba, dogon turanci ne kawai. In waƙa ce aka ba ka, tsarin ɗaya ne, sai dai baiti da ɗango za ka kawo maimakon shafi, kuma ka karanta ta da ƙarfi kafin ka ɗiga ko ɗigo ɗaya, don amsa-amo da kari a kunne suke aiki.

Na san akwai gajeriyar hanya, ka je intanet ka ɗauko sharhin wani, ko ka sa manhajar nan mai rubutu ta zuba maka shafi biyu cikin daƙiƙa. Za ta ba ka rubutu mai santsi, amma irin na ɗalibi na biyu, wanda zai zauna a kowane labari, kuma mai duba takarda tamanin a dare ɗaya yana jin warinsa tun daga layin farko. Ballantana in aka kira ka ofis aka ce wane layi ne ya sa ka faɗi haka, sai ka fara kame-kame.

Ka gama kwana ɗaya kafin ranar miƙawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Da safe karanta shi da ƙarfi, duk inda harshenka ya harɗe gyara. Gwada goge sakin layin farko gaba ɗaya ka gani ko an rasa wani abu, sau da yawa gyaran murya ne kawai. Duk "a gaskiya", "haƙiƙa", "ba shakka" ka tsince su ka zubar.

In takarda ta dawo kar ka duba maki ka cusa a jaka. Kwafe abin da aka rubuta da jan biro a bayan littafin nan naka mai layi a tsakiya, ka sa kwanan wata. Abu ɗaya tak ka zaɓa daga ciki ka ce a jinga ta gaba wannan ba zai sake faruwa ba, kar ka ce za ka gyara duka lokaci ɗaya. Takardun kuma ka tara su a fayil guda, ƙarshen zango ka ɗauko ta farko da ta ƙarshe ka ƙirga sau nawa ka kawo ainihin kalmar marubuci a kowacce. Tawa ta farkon, mai maki huɗun nan, da na ƙirga ko ɗaya babu.