Saiwar Bai Shao ga masu ciwon mara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tambaya kan Bai Shao da ake kawowa daga Sin, saiwar furen fiyoni ce. Dafa ta ake yi, a ɓare bawon a busar, shi ya sa za ku gan ta fara, yankakkiya kamar busasshen rogo. Masu maganin gargajiyar Sin sun daɗe suna ba da ita don ciwon mara lokacin al'ada da ɗaurewar tsokar ƙafa, giram 6 zuwa 15 a rana, a tafasa a sha ruwan.

Amma don Allah mai juna biyu ta bar ta. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin kuma ta fara tambayar likita, domin saiwar na iya hana jini daskarewa da wuri. In ta sa ki gudawa, ki dakata.