Kafin tiyatar rage ƙiba, a faɗa wa likita tarihin gida

'Yan uwa masu shirin tiyatar rage ƙiba, idan kun zauna da likitan ƙwaƙwalwa ya tambaya ko akwai mai shaye-shaye a danginku, don Allah ku faɗi gaskiya. Na san abin da nauyi. Ba kowa ke iya buɗe baki ya ce mahaifinsa mashayi ne ba, ga fargabar kada a fasa aikin.

Tarihin dangi kaɗai ba kasafai yake hana tiyata ba. Wanda ake ɗaga wa aiki shi ne mai sha a yanzu. Ana tambayar ne saboda bayan an rage tumbi, musamman idan an haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, barasa na shiga jini da sauri, 'yar kaɗan ta bugar. Matsalar kamuwa da shan barasa takan ɓullo a shekara ta biyu bayan tiyatar, lokacin da kowa ya saki jiki. Ga kuma maganin kashe zafi irin tiramadol: likitan da ya sani zai taƙaita shi ko ya sauya wani.

Ku rubuta a takarda tun daga gida: uba ne ko yaya, me yake sha, tun yaushe. Ba sai kun kama suna ba.