Kurakuran da aka fi yi kan shawagin 'yan sama-jannati

Duk wanda ya kalli bidiyon 'yan sama-jannati a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, ya ga mutum na wulgawa ba ƙafa a ƙasa, cokali na yawo shi kaɗai, ruwa ya dunƙule wuri guda yana rawa a iska, tambaya ɗaya ce ke zuwa bakinsa: me ya hana su faɗowa? Amsar da aka fi bayarwa, a aji ne ko a majalisa, ita ce wai sun yi nisa har sun kuɓuce wa ƙarfin da duniya ke jan abubuwa da shi. Yaro ya ji ya gyaɗa kai, a wuce wurin. Amma amsar ba daidai ba ce, kuma daga ita sauran kurakuran suka tsiro, shi ya sa a kanta zan fi daɗewa.

Tashar tana sama da mu da kimanin kilomita 400 ne kawai, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja. Daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya kuwa akwai kilomita fiye da 6,300. Wanda ya ƙara 400 a kan wannan bai je ko'ina ba. A can ɗin, jan duniya yana nan da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa. Da za a gina hasumiya mai tsawon kilomita 400, mutum mai kilo 70 ya hau ƙololuwarta da sikelinsa, zai ga wajen kilo 62, ƙafafunsa kafe a daɓe. In ya zame, faɗowa zai yi. Ga kuma hujjar da kowa ke gani da idonsa: wata yana da nisan kilomita 384,000, amma jan duniya ne ya riƙe shi yake kewaya mu. Abin da ya riƙe wata ba zai saki tashar da ke nan kusa ba.

To me ya sa suke shawagi? A nan gizo ke saƙar: faɗuwa suke yi. Su da tashar da cokalin da ɗigon ruwan, duk tare suke faɗowa, da gudu iri ɗaya, ba dare ba rana.

Ka lura da abin da kake kira nauyinka. Yanzu da kake zaune, ba jan duniyar kake ji a jikinka ba. Kujera kake ji tana tokare ka, tana hana ka wucewa ƙasa. Sikeli ma abin da yake aunawa ke nan, yadda ka danne shi da yadda ya tokare ka. A ɗauke ka kai da sikelin a sake ku tare daga sama, yana ƙarƙashin ƙafarka amma yana guje maka da irin gudun da kake bin sa, ba ka danne shi ba, allurarsa za ta tsaya a sifili. Jan duniya bai ragu ko kaɗan ba, abin tokarewa ne babu. Wannan tunanin ne ya faɗo wa Albert Einstein a 1907 yana ma'aikaci a ofishin rajistar ƙere-ƙere a birnin Bern na ƙasar Switzerland: mutumin da ke cikin faɗuwa ba ya jin nauyin kansa.

Gani ya kori ji. Samo robar ruwa, ka huda gefenta kusa da gindi da ƙusa, ka cika ta, ka bar bakinta a buɗe. Tana hannunka ruwa na tsartuwa ta hujin, domin gindin robar ya tare shi, na sama na danne na ƙasa. Hau kan katanga ko bene ka sake ta. Muddin tana iska tsartuwar za ta ɗauke, domin ruwa da roba tare suke faɗuwa, babu mai danne wani. In idonka bai kama ba, sa wani ya ɗauka da waya ku kalla a hankali. Malamin da ya yi wa ɗalibansa wannan sau ɗaya ya huta da dogon bayani.

Kuskure na biyu yana biyo bayan gyaran na farko. Sai a ce, in faɗuwa suke yi, ai da tuni sun bugi ƙasa. Isaac Newton ya warware wannan tun ƙarni na 17 da misalin igwa a kan dutse mai tsawon gaske. Harba harsashi a miƙe, ya yi tafiya ya lanƙwaso ya faɗi. Ƙara albarushi, ya faɗi nesa da nan. Amma duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce: a duk kilomita 8 da ka yi gaba, doronta na gangarewa da kimanin mita 5. Abin da aka saki kuma yana faɗuwa kusan mita 5 a daƙiƙar farko. Ke nan idan harsashin na cin kilomita 8 a daƙiƙa guda, kuma babu iskar da za ta rage masa gudu, daidai yadda ya faɗo haka ƙasa ta kauce masa. Zai yi ta faɗuwa bai iso ba har ya zagayo inda ya taso.

Haka tashar take. Tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana kewaye duniya cikin kimanin minti 90, mutanen cikinta na ganin fitowar rana sau 16 a kwana guda. Gudun gefe ne sirrin, ba tsawo ba. Shi ya sa roka ba ta daɗewa a miƙe bayan tashi, sai ka ga ta karkata, domin yawancin man da take ƙonawa na neman wannan gudun ne. Kumbon da ke kai masu yawon buɗe ido sama da kilomita 100 a miƙe ba ya samun wannan gudu. Fasinjojinsa na shawagi na 'yan mintoci, sannan su dawo ƙasa.

Wasu kuma na cewa rashin iska ne ya kawar da nauyi. Cikin tashar akwai iska, da ita suke numfashi, kuma suna shawagi. A wata babu iska, amma 'yan sama-jannati sun taka shi da ƙafa, nauyinsu kashi ɗaya cikin shida na wanda suke da shi a duniya. A 1971 David Scott na kumbon Apollo 15 ya tsaya a kan wata, guduma a hannu ɗaya, gashin shaho a ɗayan, ya sake su lokaci guda, suka dira tare. Abin da Galileo ya faɗa ne tun da daɗewa: in ba iska ta sa baki ba, mai nauyi da marar nauyi faɗuwarsu ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa tasha mai sama da tan 400 da ɗan cokalin cikinta ba sa tsere wa juna.

Ba gaskiya ba ne kuma cewa injin na ruri kullum don ya riƙe tashar. Ba ta buƙatar haka. Sai dai akwai ɗan ragowar iska a wannan tsawo da ke tauye mata tafiya har ta riƙa yin ƙasa sannu a hankali, don haka lokaci-lokaci ana kunna injin a ɗaga ta. Tashar Skylab ta Amurka da ba a samu ɗagawa ba, a 1979 ta rikito, tarkacenta ya zube a tekun Indiya da yammacin Ostireliya.

Akwai wani zance da ke yawo, wai NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, na da ɗakin da ake kashe jan duniya da makunni. Babu irin wannan ɗaki a ko'ina, ba a san wani bango da ke tare jan duniya ba. Babban kwamin ruwan NASA da ke birnin Houston, inda 'yan sama-jannati ke atisaye sanye da kayan aikinsu, ruwa ne ke tallafe su, nauyinsu na nan. Mai son shawagi na gaske dole ya faɗi. Jirgin Airbus A310 da ke tashi daga Bordeaux a Faransa yana cillawa sama ya lanƙwaso kamar abin da aka jefa, na ciki su yi shawagi na daƙiƙa 22 a kowace cillawa. A Bremen ta Jamus kuwa hasumiya ce mai tsawon mita 146, a zuƙe iskar bututun cikinta a saki kayan gwaji, su samu daƙiƙa 4.7.

Kada kuma a ɗauka rashin jin nauyi hutu ne. Akwatin ƙarfe da ke shawagi yana nan da dukan ƙarfensa: tura shi aiki ne, tsayar da shi aiki ne, in ya matse maka hannu da bango sai ya ji maka ciwo. Jiki ma yana biyan kuɗin shawagin. Ƙashin ƙugu da na ƙafa, da suka saba ɗaukar mutum, sukan rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwarinsu a kowane wata idan ba a ɗauki mataki ba, jini da ruwan jiki su taru a sama har fuska ta kumbura. Saboda haka kowannensu na motsa jiki kusan awa 2 kullum, kuma kafin ya hau injin gudu sai ya ɗaure kansa da igiyoyin roba daga kafaɗa da ƙugu, su ja shi zuwa ƙasa, su mayar wa tafin ƙafarsa abin tokarewar da ya rasa.