Yadda Za Ki Haɗa Kwandon Kyauta da Hannunki da Kuɗi Kaɗan

Da azumi ya ƙarato, ko aka shiga lokacin bukukuwa, sai ki ga shagunan Bauchi sun jera kwandunan kyauta, waɗanda 'yan zamani ke kira hamfa, an lulluɓe da leda mai sheƙi an ɗaure da ribom. Ki ɗauki ɗaya ki jinjina. Rabinsa takarda ce aka cusa a ƙasa, sama kuma biskit ne da lemon kwali da wani gwangwani da ba mai ci a gidan da za a kai. Leda da ɗauri kika saya. Ni na daina tun da na gane cewa wanda zan haɗa da hannuna ya fi araha, kuma ya fi dacewa da mai shi, don ni na san ta, mai shago bai sani ba.

Farko dai, kafin ki taɓa jaka, ki zauna ki tambayi kanki wa za a kai wa. Nan ne aikin yake. Mai jego tana son yajin daddawa, garin kunu, kanwa, sabulun wanki da zanin goyo. Suruka a watan azumi, dabino ne da sukari, tsamiya, garin gero, zoɓo da citta. Amarya kuwa turaren wuta da humra da ɗan kasko. Yarinyar da ta yi sauka, hijabi da carbi da lalle da alawa sun ishe ta murna. Abu huɗu ko biyar da suke tafiya tare sun fi tarkace goma sha biyu da ba su san juna ba. A cikinsu ki zaɓi ɗaya ya zama uwar kaya, wanda ido zai fara faɗawa a kai, kamar kwalbar zuma ko turmin atamfa mai sauƙin kuɗi, sauran su yi masa rakiya.

Sai kuɗi. A ce naira 10,000 gare ki. Ki ware 7,000 na abin da zai shiga ciki, 1,500 na mazubi da leda, ragowar kuma na kuɗin keke da tsaraba. In kika ga ado ya fara cin kuɗin kaya, ki tsaya. Kayan abinci ki nufi kasuwar Muda Lawal da safe, ki auna da mudu ko gwangwani maimakon sayen ƙulli-ƙulli. Roba da leda da yadi kuma kasuwar Wunti. In kwanduna uku za ki haɗa, ki sayi komai a dunƙule ki raba a gida. Haka ma in kuka haɗa kuɗi da maƙwabciya, ragin da mai kaya zai yi muku ya fi na mutum ɗaya.

Na uku shi ne mazubi, kuma a nan nake son ki ɗan daɗe. Ka'idata ita ce mazubin ma ya zama kyauta. Faifai mai launi, kwandon kaba, ƙwarya, tire, ko bahon wankan jariri in barka ce za a je, duk abubuwa ne da za a ci gaba da amfani da su bayan kayan ciki sun ƙare. Kwandon roba mai raga irin na shago sai dai ya ƙare a bayan ɗaki.

In ma babu kuɗin wannan, kwalin Indomie ya isa. Ki yanke marufansa huɗu, ki rage tsawon gaba da almakashi ya zama baya ya fi gaba tsayi, kamar kujera. Ki je wajen telanki ki roƙi ƙyallayen atamfa, yawanci a buhu suke tara su, wani ma godiya zai yi kin rage masa shara. Ki dama sitaci ko garin rogo da tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko, ki bari ya huce, shi ne gam ɗinki. Ki goge ƙyallen da dutsen guga tukuna, don duk tattarar da kika bari sai ta fito a jikin kwali. Ki shafa kullun a jikin kwalin, ba a jikin yadi ba, sama-sama, in ya yi yawa kwali zai jiƙe ya lotsa. Ki ɗora yadin ki bi da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, ki bar rarar kamar yatsu uku ki lanƙwasa ciki. Kusurwa ki ninke ta yadda ake ninke takardar tsire. Ki ajiye a inuwa ya kwana. Da hunturu sa'o'i kaɗan sun isa, amma da damina ki ba shi kwana biyu, in ba haka ba ya yi warin danshi. Cikin kwalin ki shimfiɗa farin yadi ko takarda mai tsabta.

Kwalabe ma ba sai an saya ba. Na mayonis da na zuma da kika saba zubarwa, ki jiƙa su a ruwan zafi da omo takardar jiki ta saɓule, ki wanke, ki kife a rana yini guda. Ki sansana marfin. In har yanzu yana warin abin da ya zauna ciki, ki canza. Ki yanka ƙyalle zagaye, ya fi marfin faɗi, ki rufa a kai ki ɗaure da zaren saƙa. Ƙyallen da kika lulluɓe kwali da shi, shi za ki sa a marafan, nan take kayan su yi kama da 'yan gida ɗaya.

Yanzu abin da za ki yi da hannunki. Kantun riɗi ya fi komai sauƙi, kuma riɗi ba baƙo ba ne a ƙasar Bauchi. Ki rege gwangwani 2 ki fid da tsakuwa, ki shanya, ki soya a busasshen kasko har ya fara tsalle yana ƙamshi. Ki narkar da sukari gwangwani 1 a wuta kaɗan-kaɗan har ya zama ruwan zuma, ki juye riɗin ki juya da sauri, ki zuba a tiren da kika shafa wa mai, ki murje da kwalba. Ki yanka da ɗuminsa. In ya huce ya zama dutse, wuƙa ba ta shiga. Yaji kuma kowace mace da hannunta: barkono, citta, masoro, kanumfari, kimba, gishiri da dunƙule, a daka a tankaɗe. Cincin da dubulan da gireba suna jure kwanaki. Masa kuwa, duk da ita ce alfaharinmu, ba ta shiga kwando, ranar da aka soya ake ci. Komai kika soya, sai ya huce sarai kafin ki rufe, in ba haka ba gumi ya sauka ya yi laushi.

Wajen jeri, ki cika ƙasan da tsohuwar jarida da kika dunƙule, ki rufe da ƙyalle, don kaya su ɗago su leƙo waje. Dogaye a baya, gajeru a gaba, masu nauyi a tsakiya. Kwalba da kwalba kar su haɗa jiki, ki sa ƙullin dabino ko na zoɓo tsakaninsu.

Abu ɗaya da na koya da kunya: sabulu da turare ba sa zama da abinci. Wata shekara na haɗa wa ƙanwar maigidana kayan barka, na jera sabulun wanka kusa da cincin, na naɗe tun daren Laraba, suna sai Asabar. Da aka buɗe aka miƙa wa baƙi, wata dattijuwa ta tauna ɗaya ta ce, "'Yar nan, wannan cincin da Lux aka kwaɓa shi?" Ɗaki ya ɗauki dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage. Tun ranar, kayan ƙamshi ledarsu daban, kwandonsu daban. Haka man shanu da cakulan, a zafin Maris da Afrilu kar ki saka, kafin a kai unguwar Yelwa sun narke sun ɓata yadi.

Naɗi bai da wuya. Ki shimfiɗa farar leda mai sheƙi a tabarma, tsawonta ya ninka tsayin kayan sau uku, ki ɗora kwandon a tsakiya, ki tattaro gaba da baya sama, ki kama da roba irin ta ɗaure kuɗi. Gefe biyun ki ninke baya ki manne da salatif inda ido ba ya gani. Ribom ba dole ba ne, siririn ƙyallen atamfar nan ya fi kyau. Ki yanki kwali ƙarami ki rubuta addu'a da hannunki, "Allah ya raya" ko "A sha ruwa lafiya", ki rataya.

Saura kaiwa. Ki riƙe a cinya cikin keke, kar ki ajiye a ƙasa wajen ƙafa, ramukan hanya ba su san kwalba ba. In aike za ki yi, ki tuna mai karɓa sai ta ba ɗan aike tukwici, kuma in naki ya tashi za ta so ta rama daidai. Kwando mai girman gaske nauyi ne kika ɗora mata. Shi ya sa in gidan da zan kai ba masu hali ba ne, nakan ɗauka da kaina bayan la'asar, na ajiye a gefen gado muna cikin gaisawa, ba na bari a buɗe sai na fita.